Kafin Kachala Ta Cinye Dausayin Haɗeja da Nguru

A da, ambaliya ba masifa ba ce a ƙasar Haɗeja da Bade. Jiranta ake yi. Idan damina ta yi nisa, kogin Haɗeja da na Jama'are sukan tumbatsa su malale fadamu, daga Guri da Kirikasamma har Nguru da Gashuwa, kafin ragowar ruwan ya bi Komadugun Yobe zuwa Tafkin Chadi. Ruwan nan guda shi ke ciyar da mutum uku bi da bi. Manomi ya girbe shinkafarsa, ya bi laima da wake da kayan lambu. Masunci ya kama tarwaɗa da karfasa, a yi banda, a loda a jirgin ƙasa na Nguru zuwa Kano da Kudu. Da rani kuma Bafulatani ya sauko da shanunsa su ci ɗanyar ciyawa. Kowa ya san lokacinsa.

Tsuntsaye ma sun san nasu. Da hunturu agwagin ruwa kan ƙetaro hamada daga Turai, su tarar da kirinjijiya da ɗinya da gauraka. Yawansu ne ya kawo Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, garin Dagona a 1989.

Amma tun kafin zuwansa an riga an taɓa jijiyar wurin. A 1974 aka kammala madatsar Tiga can sama a ƙasar Kano, a 1992 aka ƙara ta Challawa. Ba wanda ke musun cewa Kano na bukatar ruwan sha da noman rani. Abin takaicin shi ne yadda aka raba ruwan kamar babu kowa a ƙasa. Kogin da ya saba cika da damina ya ƙafe da rani sai aka mayar da shi mai tsiyaya duk shekara. Irin wannan kwantaccen ruwa shi ciyawar kachala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki da wuraren su. Ruwa ya karkata ta reshen Marma yana cin gidaje a wajen Nguru, wasu rassan kogin kuwa suka bushe. Tsuntsun jan baki ya samu maɓoya a cikinta, yana fitowa ya share gero da shinkafa.

Da a ce rashin sani ne, da an yi uzuri. Tun farkon shekarun 1990 masana suka lissafa cewa abin da ruwa ke samarwa a dausayin ya fi abin da yake samarwa a manyan gonakin noman rani na sama, suka ba da shawarar a riƙa sako shi da damina yadda zai yi kama da ambaliyar asali. A 2000 aka sa tafkin Nguru cikin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A 2006 jihohi shida suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da kogunan. Takarda kam an sa mata hannu. Amma har yau talaka ne ke shiga ruwa iya wuya da lauje yana yankan kachala da aikin gayya, 'yan siyasa kuwa sai ambaliya ta ci gari su zo jaje da buhunan abinci.

Matasan yankin da yawa sun tashi ba su san dausayin da iyayensu suka sani ba, suna zaton haka Allah ya yi shi. Mutane ne suka yanke shawarar da ta kai shi nan, kuma mutane ke riƙe da makullin madatsun. Duk mai neman ƙuri'ar Jigawa da Yobe, ya kamata a tambaye shi yaushe za a sako ruwan damina, kuma wa zai yashe kogi.