Ranar da Na Sauko da Hannun Hagu



Na san da zarar na ambaci golf, wanda 'yan rediyo ke ce wa ƙwallon lambu, wasu za su ce wannan ai wasan masu kuɗi ne, me ya haɗa ɗan Kafur da shi? Kuna da gaskiya. Ni ma da jakar wani na fara shiga filin. Lokacin da na tafi karatu Zariya, abin da mahaifina ke aiko mini bayan an sayar da masara da auduga ba ya kai ni ƙarshen zango. Sai wani abokina ya kai ni filin golf na zama kadi, wato mai ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna, ya bi shi rami 18, ya nemo masa ƙwallo idan ta faɗa ciyawa. Idan babu baƙi, mu ma mukan ari tsofaffin sanduna mu taɓa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan kashi biyu ne. Akwai bugun nesa, wanda ake aika ƙwallo sama ta yi tafiyar mita 200 ko fiye. Akwai kuma turi, idan an zo kusa, a gangara ƙwallo a ƙasa ta shiga ramin da faɗinsa bai cika santimita 11 ba. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. A filin da aka ƙayyade wa gwani bugu 72, an ware bugu 36 don turi kawai, biyu a kowane rami. Kuma a lissafi, bugun mita 200 da turin taku ɗaya duk ɗaya ake rubutawa.

A bugun nesa ba a barina a baya. Hannun da ya tashi da fartanya da garma a jar ƙasar Kafur ba ya tsoron sanda. Na yi ta alfahari da damata, har ina ce wa yaran birni su je su yi noman damina biyu sannan su dawo mu gwada. Amma idan na zo bakin rami, ƙwallo tana taku biyu, sai damar nan ta fizga da kanta kamar an tsikare ni da allura. Ƙwallo ta wuce gefe, ko ta tsaya a leɓen rami tana kallona.

Ranar gasar kadi abin ya fi muni. Na riga na lissafa kuɗin kyautar a cikin kuɗin makaranta tun kafin a fara. A ramuka uku na ƙarshe na zubar da turi uku waɗanda yaro ɗan firamare zai zura. Da dare na kira gida. Mahaifina bai yi faɗa ba, ya ce to. Bayan mako guda kuɗi suka iso, daga baya na ji cewa buhunan dawar da aka ajiye don ci ne aka kai kasuwar Malumfashi. Wannan ya fi rashin kyautar yi mini ciwo.

Akwai wani dattijo a cikinmu da ya fi shekara talatin yana ɗaukar jaka, kowa Baba yake ce masa. Washegari ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, idonka lafiya lau, layin da kake gani daidai ne. Damarka ce ta cika son mulki. Sauko da hagu."

Na ce, "Baba, kamar yaya?"

Ya karɓi sandar ya nuna mini. Mai amfani da dama yakan riƙe sanda hagu a sama, dama a ƙasa kusa da ƙwallo, don haka dama ce ke tuƙi. Shi kuwa ya juya su: dama ta koma sama, hagu ta sauko ƙasa. Ya ce in lura da abu biyu. Kafaɗuna sun daidaita, ta dama ta daina zubewa. Wuyan hannun hagu kuma ya miƙe ya bi sandar, babu inda zai lanƙwashe, saboda haka dama ba ta da ƙofar fizga. Kafaɗu ne za su kaɗa sandar gaba da baya kamar lilo.

Na gwada sau biyu na mayar masa da sandarsa. A gidajenmu, yaro ya miƙa abu da hagu sai an buge hannun. Yau kuma a ce ita zan ba ragama a gaban mutane? Wani daga cikin abokan aiki ya hango ni da hannuwa a harɗe ya ɗaga murya, wai ga kaka Yakubu ya zo sa wa 'ya'yan Yusufu albarka. Aka yi ta dariya. Na ce wa dattijon wannan riƙon na raunana ne, ni ba na bukata.

Bai ja da ni ba. Ya ce in duba wayata in nemi sunaye biyu. Na farko Jordan Spieth na Amurka, wanda da wannan riƙon ya ci gasar Masters a 2015 yana da shekara 21, ya kuma ci US Open a shekarar. Na biyu Bernhard Langer na Jamus, wanda shi ma da ɗaukar jaka ya fara tun yana yaro. Langer ya yi fama da irin rawar hannuna fiye da sau ɗaya, ya sauya riƙo sau da dama har da wannan na hagu a ƙasa, kuma ya ci Masters a 1985 da 1993. Na kalli bidiyonsu har batir ya mutu. Duk da haka sai da na yi wata biyu ina zubar da turi a kan tsohuwar hanyata. Riƙon ba shi da wuya ko kaɗan, kunya ce kawai ta hana ni. An ce girman kai rawanin tsiya, ni kam na naɗa shi har da kunnuwa biyu.

Da hutun Disamba ya zo, dattijon ya ba ni aron wata tsohuwar sandar turi da ƙwallaye huɗu na taho da su gida. An gama girbi, masussukar bayan gidanmu ta daddale sumul. Na share ta, na binne gwangwanin tumatir ya zama rami, na sa ƙanena ƙirge. A nan babu mai yi mini dariya sai awaki.

Makon farko abin ya ƙara lalacewa. Ji nake kamar na ari hannun wani. Turin nesa kuwa ya ɓace mini gaba ɗaya, domin awon ƙarfin da na saba a yatsun dama yake, yanzu kuma an sauke su daga aiki. Sau da yawa na so komawa. Amma ƙanena yana rubutawa da gawayi a jikin rumbu, kuma gawayi ba ya son kai. Daga taku uku, cikin turi ashirin na fara da zura takwas. Mako na uku na kai sha shida.

Wata yamma mahaifina ya tsaya da buta a hannu yana kallo. Ya tambayi dalilin harɗe hannun, na bayyana masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai kamar shanun huɗa ne. In ka bar mai ƙarfin ya ja yadda ya ga dama, kunya karkacewa take yi. Sai ka danne shi ya yi tafiyar ɗan'uwansa." Ya wuce abinsa. Bai taɓa tada maganar buhunan dawa ba, har yau.

A gasa ta gaba ban zo na ɗaya ba, na uku na zo. Turin nesa ya ci ni a ramuka biyu, kuma har yanzu ina aiki a kansa. Amma a rami na 18 ƙwallo ta tsaya mini taku uku, daidai nisan da ya taɓa kunyata ni. Na ji damata tana ƙaiƙayi tana so ta koma gurbinta. Na bar ta a sama, na kaɗa kafaɗu, na ji ƙarar ƙwallo a cikin rami. Ɗan abin da na samu na sayi buhun dawa ɗaya na aika gida a motar Funtuwa.

'Yan'uwa, abin da nake so mu riƙe ke nan. Na daɗe ina neman matsalata a inda nake da rauni, ashe tana inda na fi ƙarfi. Wani a cikinmu bakinsa ne damarsa, ya iya magana har ba ya barin kowa ya gama tasa. Wata saurin fahimta ne, tana yanke hukunci kafin ta ji ƙarshen zance. Wani ƙwazon aiki ne, shi zai yi komai a zumunta har sauran su zama 'yan kallo. Ba a ce a yanke damar ba. Har yanzu tana kan sanda, tana aiki, sai dai ta koma baya ta bar abokiyarta ta ja. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun da ke ganin shi kaɗai ya isa.

Idan wani babba ya kira ka gefe ya ce sauya riƙo, ka sani makon farko za ka fi da lalacewa, kuma za a sami mai dariya. Ka nemi masussukarka, ka nemi ƙanen da zai riƙe maka gawayi, ka ba abin mako uku kafin ka yanke hukunci. Ni na ɓata wata biyu da buhunan dawa kafin na yarda. Allah ya sa ku fi ni saurin ji.