Kaura, Shinkafi, Zurmi: Inda Muka Je Neman Ma'anar Sulhu

A jami'o'in Turai da Amurka, ɗaliban da ke nazarin rikici da zaman lafiya kan hau jirgi su tafi Ruwanda, inda aka yi kisan kiyashi a 1994, don su ga yadda maƙwabta suka koma zama tare. Mu kuwa ba mu nemi biza ba. Bas ɗaya ce ta kwashe mu daga Gusau tare da malaminmu, muka nufi arewacin jiharmu.

Kaura Namoda muka fara sauka. Garin ya ɗauki sunan Muhammadu Namoda, jarumin zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma nan layin dogo daga Zariya ya tsaya a 1929, ana lodin gyaɗa da auduga. Yanzu abin da ke shigowa garin ya sauya. Mutanen ƙauyuka ne da suka gudo, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye. Muka tambayi wata uwa ko tana son a yi sulhu. Ta ce tana so, in dai zai mayar da ita gonarta kafin damina. Ba ta ambaci gafara ba, mu ma ba mu da bakin tambaya.

A Shinkafi muka fi daɗewa, kuma mun yi sa'a ranar Alhamis ce, ranar kasuwa. Ku da ke sakandare, ku lura da wannan: makiyayi na sayar da sa don ya sayi gero da gishiri, manomi kuma na jiran fura da nono da takin shanu. Wannan cuɗanyar ce rikici ya fara yankewa. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Sai dai talaka ma ya sha wuyarta.

Shinkafi ta ga yunƙurin sulhu iri-iri. A Fabrairun 2021 Sheikh Ahmad Gumi ya shiga dazukan yankin ya gana da 'yan bindiga. A Disambar shekarar Bello Turji ya aika wa Sarkin Shinkafi da gwamna da shugaban ƙasa wasiƙar neman sasanci. Kafin nan an yi na Buharin Daji a 2016, an yi na Gwamna Matawalle a 2019. Kowanne ya kawo ɗan sauƙi, sannan ya warware. Gwamna Dauda Lawal da ya hau a 2023 ya ce shi ba zai zauna da su ba.

Me ya sa ba ya ɗorewa? Wani dattijo ya ba mu amsar da muka fi riƙewa: duk zaman da aka yi, tsakanin hukuma ne da masu bindiga, wanda aka kashe wa ɗa ba a ba shi tabarma ba. Can wajen karar shanu kuma wani makiyayi ya kawo nasa kukan: an nome burtali, an ci su tara ba bisa ƙa'ida ba, 'yan sa-kai sun kashe waɗanda ba su ji ba su gani ba. Shi ma ba wanda ya saurare shi, sai waɗanda suka ɗauki makami da sunansa. A ganinmu dukansu biyun gaskiya suka faɗa. Kwamitin tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar ya ƙirga zawarawa 4,983 da marayu 25,050 a jihar daga 2011 zuwa 2019. Wa ya zauna a madadinsu?

Zurmi muka je washegari, ta hanyar da ke wucewa Jibiya, ba mu kuma jima ba, don direba ya ce lallai a juyo kafin la'asar. A 2022 gwamnatin jiha ta tuɓe sarkin garin bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Ko mene ne gaskiyar zargin, ya bar tabo, domin fada ce wurin da manomi da makiyayi suka saba kai ƙara.

A hanyar dawowa gardama ta kaure a mota. Malam ya tuna mana kotunan Gacaca na Ruwanda, inda mai laifi kan tsaya gaban mutanen unguwarsu ya faɗi abin da ya aikata, waɗanda ya cuta suna zaune. Wasunmu suka ce mu ma muna da masu unguwanni da limamai da arɗo-arɗo, me zai hana? Wasu suka ce Ruwanda sai da ta shekara takwas bayan kisan kiyashin kafin ta fara a 2002, mu kuwa har yanzu akwai ƙauyukan da ke biyan haraji kafin su yi girbi. Har muka wuce shingen sojoji na ƙarshe ba a daidaita ba, Malam ya ce kowa ya rubuto nasa ra'ayin ranar Litinin.