Lofoten: Su a Ƙasar da Rana Ba Ta Faɗuwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Aba ko ta Legas ya san buhunan busassun kawunan kifin nan masu tauri kamar itace, waɗanda Inyamurai ke kira okporoko, Yarbawa kuma panla. 'Yan'uwanmu fatake sun sha ɗauko su su ƙetaro da su iyaka. To, jama'a, kifin nan sunansa kod, asalinsa kuwa can ne arewacin ƙasar Norwe, a wasu tsibirai masu duwatsu da ake kira Lofoten. Can muka yada zango a watan Yuni, wato farkon bazararsu.

Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne rana. Daga ƙarshen Mayu har tsakiyar Yuli ba ta faɗuwa sam. Sai ta sunkuyo wajen arewa kamar za ta nutse a teku, ta fasa, ta sake hawa. Saboda haka da ƙarfe goma sha biyun dare sai ka tarar da mutum cikin kwalekwalensa yana jefa fatsa, ba fitila ba tocila.

Amma fa watan Yuni ba shi ne lokacin babban su ba. Manyan kod, waɗanda mutanen wurin ke kira skrei, suna gangarowa ne daga Tekun Barents tsakanin Janairu da Afrilu don su zuba ƙwai, sannan su koma. Su ne ake kamawa cikin tsananin sanyi, a fede, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataye bisa manyan rumfunan katako. Ba gishiri, ba hayaƙi irin na bandarmu. Iska da sanyi kawai ke aikin, har kifi ya zubar da kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa. A watan Yuni ake sauke shanyar kafin ƙuda da ɗumi su ɓata ta, shi ya sa muka tarar da garuruwan Henningsvaer da Reine suna ta warin kifi, ana ta lodi. Mafi kyau a tura Italiya, wadda ta saba da shi tun bayan da wani matuƙin jirgi ɗan Benis, Pietro Querini, ya yi hatsari ya faɗo tsibirin Rost a 1432. Kawuna kuwa, sai Najeriya. A lokacin yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970, an yi ta aika wannan kifi a matsayin agaji.

Da skrei ya tafi, abin da ya rage shi ne kod na bakin gaɓa, wanda ba ya ƙaura, yana zaune shekara cur a lungunan teku tsakanin duwatsu. Shi ake nema da bazara, kuma ba sai an yi nisa ba. A kan kashe injin kwalekwale a bar ruwa ya ja shi a hankali bisa wani tudun ƙarƙashin teku. Ba a ma damu da koto ba. Wani ƙarfe ne mai nauyi da ƙyalli, da ƙugiya a gindinsa, za a saki har ya taɓa ƙasa, a ɗan janye, sannan a riƙa ɗagawa ana saki. Kod kwaɗayayye ne, yana ganin ƙyallin sai ya zaci ƙaramin kifi ne. In ya kama, ba ya gudu da zare. Nauyi kurum za ka ji, kamar ka jawo guga cike daga rijiya mai zurfi. Masunta sun fi son lokacin da ruwa ke cikowa, domin sa'an nan kifi ke neman abinci. A dafa shi nan take da ruwa da gishiri, namansa fari fat, yana ɓarewa fale-fale.

Tekun dai ba abin wasa ba ne. Ko da bazara ruwan na da sanyin da zai kashe gaɓoɓin mutum cikin 'yan mintoci, kuma baƙi masu yawon su sukan halaka. Tun 2015 doka ta tilasta sanya rigar ceto a ƙananan jiragen shaƙatawa in suna tafiya. Baƙo ba ya bukatar lasin don jefa fatsa a teku, amma an hana shi sayar da abin da ya kama, an ƙayyade kilo nawa zai fita da shi daga ƙasar, ƙaramin kifi kuma dole a mayar da shi ruwa.

Dalilin wannan tsanani shi ne kifin yana raguwa. Na bakin gaɓa ya daɗe da yin ƙaranci, shi ma skrei abin ya taɓa shi. Norwe da Rasha ne ke zama kowace shekara su yanke adadin da za a kama a Tekun Barents. A 2013 tan miliyan ɗaya ne. A 2025 ya sauko zuwa tan 340,000. Kowane kifi kuwa kai ɗaya gare shi, don haka in kamun Lofoten ya ragu, buhunan da ke sauka a tashar jirgin ruwan Legas ma raguwa za su yi, ga kuma tsadar canjin kuɗi. Rumfunan shanya da dama da muka wuce a hanyar ƙauyen Å tsuntsayen teku ne kaɗai a kansu.