Tsayar da dutse bisa tsininsa, da abin da ya biyo baya a ajina

Duk matar da ta taɓa girki a murhu ta san dalilin da ya sa duwatsun murhu uku ne. In biyu ne tukunya ta kife. In huɗu ne, sau da yawa ɗaya zai zama ɗan kallo, tukunya ta riƙa rawa tana neman wurin zama. Uku kuwa ko ƙasa ba ta daidaita ba, tukunya za ta zauna daram. Wannan sanin da ke cikin kowane gida namu shi ne tushen wata fasaha da na shafe shekara biyu ina koyo, wato tsayar da dutse bisa dutse ba tare da siminti, ƙaro ko laka ba. Ina so in ba ƴan'uwana malamai da iyayen yara labarinta, domin ta taɓa yadda nake kallon aikin koyarwa.

Ba jera duwatsu masu faɗi kamar bulo nake nufi ba, wannan kowane yaro ya iya. Abin da nake nufi shi ne a ɗauki dutse mai nauyi, a tsayar da shi kan tsininsa bisa wani dutsen, wani lokaci har a ƙara na uku da na huɗu, a janye hannu su tsaya. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka mai da abin sana'a. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne Michael Grab, haifaffen Kanada da ya fara a shekarar 2008 a wani rafi na garin Boulder, jihar Kolorado ta Amurka. Har gasa ake shiryawa, ta Turai a garin Dunbar na Sikotland, ta duniya kuma an sha shirya ta a garin Llano na jihar Teksas. Hoton aikin Grab ɗin nan na fara gani a salular wani ɗan ƙanena lokacin babban hutu. Yaron ya ce mini: "Baba, wallahi haɗin kwamfuta ne." Na ce masa duwatsu dai ba su ƙare mana ba, mu je mu gwada.

Mu mutanen Damagaram a cikin duwatsu muka tashi. Wanda ya zaga Birni ya ga manyan duwatsun giranit da suka hau kan juna, wasu kamar tura su kaɗan za a yi su gangaro, alhali kakannin kakanninmu haka suka tarar da su. Asalinsu falalen dutse ɗaya ne da ya tsattsage. Ruwa ya bi tsagar, zafi da sanyi suka yi ta cin kusurwoyi shekaru dubbai, ɓangaren da ya ruɓe ya wanke, abin da ya rage ya zauna bisa na ƙasansa. Irin wannan ne ake gani a Epworth kusa da Harare, wanda ƙasar Zimbabuwe ta sa hotonsa a takardun kuɗinta. Na wuce irin waɗannan duwatsu sau dubu a kan hanyata ta zuwa lakkwal, amma sai da na tsuguna da dutse a hannuna tambayar ta zo mini da gaske: me ke riƙe da su?

Makonni uku na farko ban tsayar da komai ba. Bayan la'asar nakan tafi gindin duwatsu, in zaɓi babban dutse mai kaushi ya zama gindi, in ɗauki wani da bai wuce girman kwakwa ba in yi ta juya shi. Sannu a hankali hannu ya fara gane abin da ido ba ya gani. Babu dutsen da yake sumul ɗari bisa ɗari. Kowanne yana da ƴan ramuka da ƴan tudu, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Aikin shi ne a samo ɗan rami a dutsen ƙasa inda tsinin na sama zai taɓa wuri uku, ya zama ƙaramin murhu. Da ka samu, sai ka riƙa karkata dutsen a hankali, ɗan gaba, ɗan baya, kana sauraron nauyinsa a yatsunka. In yana tura yatsan dama, to can yake son faɗuwa, sai ka mai da shi hagu da kaɗan. Akwai lokacin da za ka ji nauyin ya ɓace daga hannunka gaba ɗaya, kamar dutsen ya zama auduga. A nan ne kake buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na fara jin wannan, dutsen ya tsaya kamar minti biyu kafin iska ta kayar da shi, ni kuwa na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai.

Abin da ya faru yana da suna a kimiyya. Kowane abu yana da cibiyar nauyi, wato wurin da za a iya cewa duk nauyinsa ya taru. Muddin layin da ya sauko miƙe daga wannan cibiya ya faɗa tsakanin wuraren da abin ya dafa, abin zai tsaya. Da layin ya fita daga tsakaninsu, sai faɗuwa. Kaushin dutse kuma shi ke hana zamewa, shi ya sa giranit ya fi dutsen rafi mai santsi sauƙi ga ɗan koyo, marmara kuwa takan marmashe ta ɓata maka ramin da ka samo. Masanin nan na Girka, Arkimidis, mutumin Sirakusa a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi rubutu kan wannan batu tun wancan zamani. Mu ma an koya mana shi a makarantar horas da malamai, da Faransanci, da zanen alli a allo, muka haddace muka ci jarrabawa. Fiye da shekara ashirin ke nan. Amma sanin da ke cikin kai daban, wanda ya sauka cikin yatsu daban.

Masu wucewa ba su bar ni haka ba. Wasu suka ce siddabaru ne, wasu suka ce ƙaro na shafa, wata tsohuwa kuma ta tsaya daga nesa tana yi mini addu'ar samun lafiya. Maganin duk wannan ɗaya ne: in ture duwatsun a gabansu, in miƙa musu su duba, in sake ginawa suna kallo. Wata rana wani dattijo mutumin Adar da ya zo ganin ɗiyarsa ya tsaya ya daɗe yana kallona. Na gaishe shi, ya ce: "Malam, kana matsa masa da yawa. Juya shi ka bar shi ya nemi mazauninsa." Na ce: "Baba, kai ma ka taɓa yi ne?" Ya ce shi bai taɓa tsayar da dutse don ƙawa ba, amma ya yi shekaru yana jera duwatsu a gonaki. A yankinsu na jihar Tawa, musamman tun da aka fara aikin raya karkara na Keita a 1984 da tallafin ƙasar Italiya, maza da mata sun jera duwatsu a kan tudu da gangare domin rage gudun ruwan sama, ruwa ya samu ya nutse, ƙasa mai kyau ta daina tafiya. Jerin da ba a zaunar da duwatsunsa da kyau ba, ruwan farko zai watsa shi. Dattijon ya tsuguna, ya karɓi dutsen, ya jujjuya shi, bai fi minti biyar ba ya tsayar. Bai taɓa shiga aji ba, kuma bai san sunan Arkimidis ba.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, na nemi izinin darakta na fitar da ɗalibaina na CM1 zuwa inuwar bishiyar bedi na rabin awa a ranar Juma'a. Su saba'in da ɗoriya ne, na raba su biyar biyar, kowane rukuni da duwatsu huɗu da ba su fi ƙarfin hannun yaro ba. Ban yi dogon bayani ba. Na tsayar da ɗaya suna kallo, na tambaye su duwatsun murhu nawa ne a gidansu, na ce su nemo murhun da ke ɓoye a jikin dutsen. Minti goma na farko hayaniya ce da ƙarar faɗuwar duwatsu. Daga nan sai wurin ya fara yin tsit, irin shirun da ban taɓa samu a cikin aji ba ko da tsawa.

Wadda ta fara tsayarwa wata yarinya ce da ke zama a bencin baya, wadda karatu ke ba wahala, ba ta ɗaga hannu ko da ta san amsa. Kullum da yamma tana tallar ƙosai da faranti a ka, ba ta riƙewa. Jikinta ya riga ya san cibiyar nauyi tun kafin in ambaci sunanta. Ta janye hannunta, ta ce a hankali: "Mushe, ya tsaya." Duk ajin ya taso kallo. Yaron da ke zuwa na ɗaya a kowace jarrabawa kuwa sau uku yana jefar da dutsensa cikin fushi, har ya ce nasa dutsen ne ba shi da kyau. Na ce su yi musaya da yarinyar. Ta karɓi nasa ta tsayar. A mako na uku na gan shi tsugune kusa da ita yana kallon yatsunta, kuma a mako na huɗu ya samu. Tun daga lokacin yarinyar ta fara ɗaga hannu a darasin lissafi. Ba kullum take dacewa ba, amma tana ɗagawa.

Ba kowa ya ji daɗin abin ba. Wani uba ya zo har makaranta ya ce: "Malam, karatu muka turo su, ba wasa da dutse ba." Maganarsa tana da tushe. Iyaye na ɗaukar nauyi mai yawa kafin yaro ya zauna a aji, kuma lokacin karatu kaɗan ne. Na roƙe shi ya zauna, na kira ɗansa na ce ya bayyana wa babansa dalilin da ya sa kamiyon da aka yi wa lodi mai tsawo yake saurin kifewa a kwana. Yaron ya ɗauki dutse dogo da gajere, ya nuna cewa in nauyi ya yi sama, karkata kaɗan ta isa ta fitar da shi daga kan gindinsa. Uban direba ne. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ya sa ake sa kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Bai ce ya yarda da ni ba, amma bai hana ɗansa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yara ke ɗaukar faɗuwa a wannan wasa. A aji, yaro ya ba da amsar da ba daidai ba sau ɗaya, aka yi masa dariya, sai ya rufe baki wata guda. A gindin bedi dutse kan faɗi sau talatin, babu mai jin kunya, domin na kowa faɗuwa yake, har nawa. Kowace faɗuwa kuma tana gaya maka gefen da nauyi ya rinjaya. Babu satar amsa, don ba ka iya kwafar tsayuwar dutsen wani. Babu son kai na malami, don dutse bai san ɗan wa kake ba. Muna yawan gaya wa yara cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, amma ba kasafai muke ba su aikin da za su ɗanɗani haƙurin da kansu ba. Yaron da ya saba da hotunan salula masu wucewa cikin daƙiƙa goma, in ya zauna minti ashirin idonsa kan abu ɗaya, ya motsa wata gaɓa da zai buƙata ranar da zai karanta dogon shafi ko ya warware lissafi mai matakai da yawa.

Ba na cewa dutse zai maye gurbin littafi. Ajin da yara uku ke raba littafi ɗaya, matsalarsa tana nan ko sun tsayar da duwatsu ɗari. Abin da nake cewa shi ne kayan aikin nan kyauta ne, suna nan a bakin ƙofar yawancin makarantunmu, kuma rabin awa a mako ya isa.

Ga wanda zai gwada, akwai kiyayewa. Kunama da maciji na son ƙarƙashin dutse, don haka babba ne zai fara juya shi da sanda kafin yaro ya sa hannu. Yara su sa takalmi, su tsuguna a gefe yadda dutse ba zai faɗo musu a ƙafa ba, kuma kada a ba su wanda ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Kada a ɗebi dutse daga jerin da manomi ya yi a gonarsa, ko alamar iyakar gona, ko makabarta, ko wurin sallar da matafiya suka kewaye. A wasu gandun daji na Amurka hukumomi na roƙon baƙi su daina tara duwatsu barkatai, saboda hakan na rikita masu bin alamun hanya kuma yana raba ƙananan halittu da maɓoyarsu. Mu ma in an gama, a sauke abin da aka gina, a mai da kowane dutse inda aka ɗauko shi, kada ƙaramin yaro ko akuya su zo su same shi a tsaye.

A fara da duwatsu biyu kacal, babba mai kaushi a ƙasa, ƙarami a sama, a wurin da babu iska. Malami ko uba ya fara gwadawa shi kaɗai har ya samu sau ɗaya, domin ya san abin da yaron zai ji a hannunsa. In yaro ya kasa, kada a karɓe dutsen a yi masa. A tambaye shi kawai: wane gefe ya faɗi? Bana ajina ya kai ga duwatsu uku bisa juna, kuma waɗanda suka iya su ne ke koya wa ƴan CE2 a lokacin shan iska, ba tare da na sa su ba.