Zabiya da Ranar Bazara a Misau

Kowa ya san bazarar Misau da Azare. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Mai baƙar fata ya yi ƙurajen zafi, damina ta sauka ya warke. Zabiya kuwa lamarinsa daban ne.

Akwai wani yaro zabiya mai tallar ruwa a tashar motar Misau. Kullum da yamma wuyansa da kunnuwansa sukan yi jawur, su yi bororo, fatar ta saɓule. Uwarsa ta ɗauka ƙurajen zafi ne, alhali kuwa ƙuna ce. Fatarsa ba ta da melanin, watau sinadarin da ke baƙanta fata, ya kuma kare ta daga rana. Irin wannan ƙuna, in ta yi shekaru tana maimaituwa, takan zama gyambon da ba ya warkewa, watau sankarar fata, wadda ke kashe zabiya da yawa a Afirka tun da ƙuruciyarsu.

Wani malamin asibiti ya shawarci uwar da ta nema masa malafa da riga mai dogon hannu, ta kuma mai da tallar bayan la'asar. Malafa dai an samu. Amma da tsakar rana fasinja ke sayen ruwa, kuma da kuɗin tallar ake cefane a gidan.