Daga Funtuwa zuwa Malumfashi: Yadda manoma ke ɗinke ɓarnar ambaliya

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori a ƙarshen damina, abin da zai fara cika masa ido shi ne masara da dawa da waken suya da auduga. Wannan yanki na kudancin Jihar Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma daga nan Kogin Sakkwato ya samo asali. Amma mu da muka sauka daga titi muka gangara fadamu, wani aiki daban muka tarar: gyaran shingayen tare ruwa da ambaliya ta fasa.

Ba dam irin na Mairuwa ko na Gwaigwaye muke nufi ba. Ƙananan madatsu ne da manoma ke yi da ƙasa da duwatsu da buhunan yashi a gicciyen rafi. Ruwa ya taru, ya ɗan ɗaga, sai a karkatar da shi ta magudana zuwa fangalin tumatir da albasa da tattasai da alkama. Wasu kuma tsofaffin madatsun ƙasa ne, irin waɗanda aka riƙa ginawa tun zamanin Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda ya fara aiki a 1975 da tallafin Bankin Duniya.

A wuraren da muka tsaya, mun lura ruwa na karya shinge ta hanya uku. Ko dai ya haura ta sama ya ci bayan shingen har ya rufta, ko ya tsiyaya ta ƙarƙashi ta ramin gafiya ko gidan gara har ramin ya zama kwararo, ko kuma ya zagaya ta gefe ya yanki gaɓar rafi. Ƙari a kan haka, ambaliya kan bar laka da yashi a mazaunin ruwan, wurin ya cike, ya kasa riƙe abin da yake riƙewa a da.

Gyaran yana da tsari. Da farko a yashe lakar, a kai ta gona, don taki ce. Sannan a haƙa tushe har a iske ƙasa mai tauri, a shigar da shi cikin gaɓa ta kowane gefe don kada ruwa ya sake zagayawa. A tsakiya ake zuba yumɓu kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Buhunan yashi kuma ba a cika su maƙil, kuma jeri irin na bulo ake yi masu, kowane buhu ya hau mahaɗar biyu na ƙasansa. Masu hali kan ƙara da ragar waya cike da duwatsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne mafitar ruwa. Da gangan ake rage tsayin shingen a wuri guda, a shimfiɗa duwatsu a ƙarƙashinsa, domin idan ruwa ya yi yawa ya sami hanyar wucewa ba tare da ya ci ƙasa ba. Shingen da ba shi da mafita, ruwa ne zai buɗe masa ita da ƙarfi. Daga ƙarshe a dasa jema a gaɓa, saboda saiwarta na nutsewa ƙasa ta riƙe ta gam.

Me ya sa ake gaggawa? Saboda rafi ba ya jiran kowa. Idan ba a tare shi ba tun yana gudu, ruwan ya tafi ke nan sai baɗi. Alkama sanyin hunturu take so, shi ya sa ake shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Tumatir da aka dasa a makare kuwa zafin bazara kan zubar masa da fure. Ga kuma tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023: ruwan da ya gangaro da kansa ta magudana ya fi wanda injin ban-ruwa ya jawo sauƙi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka aikin gayya ake yi. Akwai kuma haƙƙin na ƙasa: manoman da ke gangaren rafi da makiyayan da ke shayar da dabbobi. In na sama suka toshe ruwa gaba ɗaya, rigima ce za ta biyo baya, shi ya sa mai unguwa da Sarkin Noma kan shiga maganar rabo.

'Yan uwa ɗalibai, fashewar dam ɗin Bagauda a 1988 da ambaliyar dam ɗin Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024 sun nuna abin da ruwa ke yi idan ya fi ƙarfin madatsa. Darasin ɗaya ne, ko a babba ko a ƙarami. Idan akwai rafi kusa da makarantarku, ku roƙi malamin aikin gona ya kai ku. Ku auna tsawon shingen, ku nemi mafitarsa, ku duba ko akwai inda yake tsiyaya, ku sanar da masu shi. Amma ban da shiga ruwa, ban da hawa gaɓar da ta tsage.