Ƙafafun Motar Kawu

Mota mai tsayi tana da ruɗi. In ta tsaya a tasha, baya a ɗage, tayoyi manya-manya, sai ka rantse ba abin da zai kayar da ita. Wanda ya taɓa kwanciya ƙarƙashinta da tocila shi ya san tsayin nan bashi ne, ƙarafan ƙasa ke biyan shi kullum.

Hilux ɗin kawuna ita ke biya mini kuɗin rajista a jami'a, da na hotokofi, da ɗan abin kalaci. Aikinta kasuwannin ƙauye ne: daga Maradi ta yi Kornaka, ta yi Dakoro, ta saki gudron ta faɗa rairayi. Tun kafin ya saye ta an ɗaga ta: an ƙara lam biyu kowane gefe a baya, an sa dogayen jimel, an cusa guntun ƙarfe tsakanin lam da fon, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin baya. Dalilin a fili yake, kada cikinta ya kwanta a yashi, kuma ta ɗauki buhu fiye da abin da masu ƙera ta suka yarda.

A bakansin bana ta fara karkata hagu ko ba kaya. Na bi Kawu gareji, maigareji ya sa mita ya auna daga ƙasa, aka samu bambancin yatsu uku tsakanin gefen biyu. Da muka shiga ƙasa sai abin ya wuce karkata. Lam ɗin hagu sun miƙe ɗoɗar, lanƙwasarsu ta tafi, ɗaya ma ta tsage kusa da tsakiya, tsatsa ta rufe tsagar. Robobin silambulok sun cinye, ƙarfe na cin ƙarfe. Amortisa kuwa na asali ne, gajeru, ba wanda ya canza su lokacin da aka ɗaga motar. Duk ramin da ta faɗa sai sun miƙe har ƙarshe, shi ya sa suka zubar da mansu tuntuni. Abin da ya fi tsorata ni shi ne tiyon burki na baya. Shi ma gajere ne, a ɗaure tamau kamar tsirkiyar gurmi.

Kawu ya ce a kai wa maƙeri lam ɗin ya buge su su koma, a yi wa mai tsagar walda, gobe yana da lodi. Ban ga laifinshi ba sosai, kwana ɗaya na mota a gareji tukunyar gida uku ce ke jin shi. Maigareji ya ce, "Alhaji, walda ba ta zama a jikin lam, gefen ɗinkin za ta sake karyewa. Bugun maƙeri kuma na ɗan lokaci ne."

A gidanmu yaro ba ya sa baki a maganar kuɗin babba. Na daure dai na ce, "Kawu, ranar kasuwa mutum nawa ke hawa bisa buhunnan?" Ya kalle ni ya ce, "Kai ma boko ya fara yi maka yawa." Amma bai ba da lissafin ba, don ya san shi: tsofaffi mata da ƙoransu, masu goyo, ƴan talla, ƙafafu na reto a gefe. Mota in ta yi tsayi nauyinta sama yake komawa, in aka ɗora mutane bisa kaya ya ƙara hawa, to lam ɗaya ta karye a kwana, ina za su kama?

Kwana huɗu ta yi. Aka aiko da lam na okaziyo daga Ƙofar Ruwa ta Kano, gefe biyu gaba ɗaya, don in ka canza ɗaya karkatar ce za ta koma ɗaya gefen. Aka sa amortisa dogaye, da tiyon burki daidai tsayinta, da robobi sababbi. Etiriye, ƙarafan nan masu kama da kofaton doki da ke matse lam da fon, maigareji ya ƙi maida tsofaffin ko da Kawu ya yi ta mita, wai sun riga sun miƙe. Guntun ƙarfen nan kuma aka fidda shi, motar ta ɗan sauko. Ni aikina wanke bulon da gazuwal da miƙa kile. A nan na koyi cewa ba a ƙarasa ɗaure bulon ɗin jimel sai an sauke mota daga kirik ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna ta yage da wuri.

Lodi dai bai ragu ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Kawu ya sayar da rago biyu, ya rasa kasuwa biyu, ni kuma ya ce kuɗin hotokofi sai wata mai zuwa, don haka darussan farkon rantire da hannu nake kwafe su daga kayen wani aboki. Bayan sati ɗaya maigareji ya ce a dawo da ita a ƙara matse etiriye, don sababbi sukan saki. Kawu ya ce ba shi da lokaci, sai na ari kile na je tasha da asuba na matse su kafin a fara lodi.